Tsohon Kare da Kunun Iya Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

"Ta zo mu ji ta, Malam!"

To, tun da fari in gaya muku, wani ɓangarenta ya ɓace mini. Akwai waƙa mai daɗi a tsakiyarta, na bar ta a hanya, ban sani ba ko a Tasawa ko a Gumel. Abin da ya rage shi zan ba ku.

An yi wani maharbi, Barmo, yana da karen farauta mai suna Shagudu. Irin siraran nan ne masu dogayen ƙafafu da ƙugu kamar na zanzaro. Barewa da zabin da ya kama ba su ƙirguwa, amma akwai wani Zomo da ya shekara goma yana kora bai taɓa ko bindinsa ba.

Sai tsufa ya zo. Dama siriri ne, ya ƙara ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin rijiya. Cikinsa kullum ƙululu, ƙululu. Abin da ya ci, ko ya dawo ta gaba, ko ya wuce ta baya a guje, kuma shi ke nan gudun da ya rage masa.

Maharban garin suna da al'ada. Karen farauta sau ɗaya yake ci a yini, ƙashi da kai da fata. Ba a ba shi kunu, wai yana kashe zuciya. Da Barmo ya ga karensa na ramewa, sai ya ninka masa ƙashi. Ramar ma ta ninka.

Ran nan Barmo ya ce, "Shagudu, saura kwana ashirin farautar gayya. In ka dawo baki wofi, zan aika ƙasar Azbin a kawo mini samarin karnuka biyu. Kai kuma ka nemi wani gidan."

Shagudu ya shiga daji neman magani. Ya tarar da Kura, ya ce, "Ina ci, ina ramewa, cikina na yi mini gardama."

Kura ta ce, "Ƙananan ƙasusuwa kake ci. Nemi na raƙumi."

Ya nemi na raƙumi. Haƙori guda ya tafi, ya kwana uku a tsugune bayan zana.

Ya tarar da Akuya. Ko Jaki ne? Mai cin ciyawa dai. Ya ce, "Ina ci, ina ramewa, cikina na yi mini gardama."

Aka ce, "Ci ciyawa, ka gan ni nan."

Ya ci ciyawa. Ya yi amai kore shar, har kaji suka taru kallo.

Na uku, ya tarar da Zomo a gindin kalgo. Zomo ya ja da baya taku bakwai, ya ce, "Sannu Baba Shagudu. Iska ce ta kawo ka? Na ga ba za ka yi mata nauyi ba."

"Yi dariyarka, ɗan nan. Ina ci, ina ramewa, cikina na yi mini gardama. Nan da kwana goma sha biyar samari biyu za su zo daga Azbin su gaje ni."

Kunnuwan Zomo suka miƙe. "Biyu? Samari?"

"Masu haƙora cikakku."

"Ashe ciwon nan nawa ne! Baba, buɗe bakinka in gani. A'a, daga can." Ya leƙa, ya girgiza kai. "Wa ya fi kowa tsufa a gidanku?"

"Iya Tabawa, mahaifiyar maigida."

"Haƙoranta nawa?"

"Biyu. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ba su taɓa haɗuwa ba."

"Ta rame?"

"Ina! Kujerarta ma kuka take yi."

"Me take ci?"

"Kunu da romo, kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini."

"To je ka kwanta gabanta, ka yi ta hamma."

Shagudu ya koma gida ya kwanta gaban Iya. Ya yi hamma, ba ta kula ba. Ya sake, ta ce, "Kai, rufe mini kogon nan." A ta uku sai ta kama haɓarsa, ta sa yatsa tana ƙirgawa.

"Wayyo! Bakin da Allah ya yi wa arba'in da biyu, saura goma sha ɗaya, su ma rawa suke yi. Ashe haɗiye ƙashin kake yi ɗungurungum? Ni da kai ciwonmu ɗaya."

Ta zuba masa kunu a sakaina, ta tsiyaya romo a kai. Sai ga Barmo.

"Haba Iya! Kunu zai kashe masa zuciya."

"Kai Barmo, da kunu na yaye ka. Taka zuciyar ta mutu? Tafi ka ba ni wuri."

Barmo ya sosa ƙeya ya wuce. Kunu da safe, romo da hantsi, kunu da la'asar, romo da magariba. Ƙululu ya yi shiru. Haƙarƙari suka fara ɓuya ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farauta aka buga ganga, aka shiga daji. Zomo ya fito fili da kansa, ya kaɗa kunne. Shagudu ya bi shi. Ciki ya warke, amma ƙafa tana nan da shekarunta. Zomo yana gudu yana waiwaye.

"Baba, in rage gudu?"

"Rage, don Allah."

Ashe akwai wata ƙatuwar Gafiya da ta daɗe tana sace wa Zomo gyaɗa, ta yi ƙiba har raminta ya matse ta. Can Zomo ya nufa. Ya tsallake Gafiya a bakin rami, ya shige ciyawa. Shagudu kuwa bai ma ciji Gafiya ba, faɗuwa ya yi a kanta don gajiya, ya danne ta.

Barmo ya iso yana kirari. "Shagudu na Barmo! Wa ya ce ka tsufa? Azbin ta riƙe karnukanta!"

Ya yanke kan Gafiya da ƙashi ya ba shi, rabonsa na al'ada. Shagudu ya ɗauka, ya kai gaban Iya ya ajiye. Ta dafa har ya yi luguf, suka raba romon. Zomo kuwa ya tsufa a gindin kalgonsa, da gyaɗarsa, da kare ɗaya tak mai cewa a rage gudu.

Don haka, 'ya'yana, in kun ga tsoho yana ramewa, mutum ko dabba, ku duba bakinsa kafin ku ƙara masa abin da ba ya iya taunawa.

Ƙurunƙus, kan gafiyar nan.

Arba'in da biyun nan kuwa na daɗe ina shakkarsa. Sai wata shekara na sauka gidan wani maharbi a Dakwaro, na roƙe shi ya riƙe mini bakin karensa. Na ƙirga sau biyu. Ashirin a sama, ashirin da biyu a ƙasa.