Jakadun Ungulu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara ruwa ya janye, tsibiri ya fito a tsakiyar kogi. Ƙananan dabbobi suka tare a kai, suka ce sun kafa ƙasa, suka zaɓi Kurege shugaba. Zaki ya ce gonar kakansa ce, Kura ta ce tata ce. Kurege ya zaga dawa kaf yana neman mai ambatar sunan ƙasarsu, kowa ya kau da kai.

Sai Ungulu ta ce, "Ni na yarda da ku. Har jakadu zan turo."

Kurege har da rawa. Kafin mako, ungulaye sun cika busasshiyar bishiyar tsibirin, sun zuba wa kowa ido.

Kurege ya je gaishe su. Babbarsu ta sunkuyo ta ce, "Ranka ya daɗe, ya haƙuri?"

"Inna, ai ba a yi mana rasuwa ba."

"Mun sani. Sammako muka yi."

Kurege ya waiga, ya hango Zaki da Kura, kowa na gwada zurfin ruwa da ƙafa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da kun ce ƙarya na shara.