Altanetar Motar Kawu

Akwai wani makanike da ake kira Dogo. Hannunsa na da kyau, sai dai a ganinsa da ya ɗaga bonet ya gama sanin mota da mai ita.

Kawunsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya sayi tsohuwar motar 'yan sanda a gwanjo. An cire jiniya, an kankare tambari, amma an bar mata altanetarta, wato na'urar da ke cajin batir. Babba ce, irin wadda aka yi don ɗaukar fitilu da rediyo a lokaci guda.

Rannan caji ya fara wasa, Kawu ya kawo ta gareji.

"Dogo, amaryata ta fara tari."

"Kawu, wannan amaryar ai ta yi jikoki."

Da Dogo ya kwance altanetar, sai ya ga wani ɗan ƙaramin abu a cikinta da ake kira burushi ne kawai ya cinye. Nan ya tuna lasifikokin motarsa da ke shanye masa batir. Ya ce a ransa, tsohon da ko rediyo ba ya kunnawa, me zai yi da wutar 'yan sanda? Ya ɗaura wa Kawu ƙarama, ya gyara babbar ya sa a tasa.

"Ta mutu, Kawu, na sa maka wata."

"Ta kai waccan ƙarfi dai ko?"

"Har ta fi."

Dogo ya san Inna, matar Kawu, ba ta da lafiya, amma ya daɗe bai leƙa gidan ba. Bai san likita ya ɗora ta kan injin taimakon numfashi ba, bai kuma san saboda injin Kawu ya zaɓi wannan motar ba, don a riƙa jona shi a kujerar baya.

Ranar zuwa asibiti suka faɗa cunkoso. Ga injin Inna, ga na'urar sanyi, ƙaramar altaneta ta kasa. Batir ya ƙare, mota ta mutu, injin Inna ya yi shiru.

Da Dogo ya iso bayan kiran Kawu, ya tarar mutane na yi wa Inna fifita da kwali, tana jan iska da ƙyar. Ya ja wayar wuta daga batirin motarsa ya jona, injin Inna ya tashi.

A asibiti Inna ta riƙe hannunsa mai baƙin mai.

"Ɗana, Allah ya yi maka kamar yadda ka yi mana."

Kowa ya ce amin, ban da Dogo.

"Ba ka amsa ba," in ji Kawu.

Dogo ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Kawu ya ce:

"Da ka ce kana so, da na gaya maka dalilin da ya sa ba zan iya ba ka ba. Tashi ka je ka mayar."

Ya mayar. Kawu bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canja makanike ba. Sai dai yanzu idan ya kawo motar, yakan ja benci ya zauna kusa, ba ya tashi sai an rufe bonet.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum abin da yake buƙata da abin da ba ya buƙata, ba ka san me ya rataya a kan kayansa ba. Mafi sauƙin cuta shi ne wanda ya yarda da kai. Ku tura wa duk wanda ake ba amanar gyara.