Manomin da Injin Banki Ya Ƙi Yatsansa

Akwai wani manomi wanda ya tsufa da fartanya a hannu. Da rani ya sayar da waken suya, ya kai abin da ya samu ajiya a wani banki cikin gari. Da yake bai iya sa hannu ba, sai aka ɗauki zanen yatsunsa duka, aka ce masa duk ranar da ya zo ya ɗora babban yatsa a kan ɗan injin, za a san shi ne.

Damina ta kankama, masararsa ta fara yin rawaya don rashin taki. Ya hau acaɓa ya zo cire kuɗin taki. Ya ɗora yatsa, injin ya nuna jar wuta. Mai biyan kuɗi ya ce masa injin bai gane shi ba, ya dawo gobe. Ya dawo, aka sake gaya masa haka. Kullum ya koma gida sai ya tarar ganyen masarar ya ƙara ƙonewa.

Ran nan haƙurinsa ya ƙare. Ya tsaya tsakiyar banki yana ɗaga murya, har mai gadi ya taho zai fitar da shi. Amma akwai wata ma'aikaciya a teburin karɓar koke-koke. Ta taso, ta zagayo daga bayan teburinta, ta jawo masa kujera. Ta bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, da na banki, da na tsadar taki, har da na ɗan acaɓan da ya kusa kayar da shi a laka. Ba ta katse shi ba. A ƙarshe muryarsa ta sauka, ya ce, “'Yata, ni ne fa. Da hannun nan na kawo. Yanzu an ce ba ni ba ne. To, ni wane ne?”

Ta ce, “Baba, kawo hannun in gani.”

Da ta duba, sai ta ga babban yatsan ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Sharar gona da huɗa da noman fari sun cinye zanen. Ta ciro man kaɗanya daga jakarta, ta shafa masa a yatsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Tsoho ya dube ta ya ce, “Ashe a bankin nan har gyaran ango kuke yi?”

Ta ce, “Kai dai kada Mama ta ji.”

Suka gwada babban yatsa, ja. Suka bi sauran, ja. Sai da suka kai ƙaramin yatsan hagu, wanda ƙotar fartanya ba ta cika murza ba, wuta ta nuna kore. Ta roƙe shi gafara, ta ce tun zuwansa na fari ya kamata a duba hannun, ta kuma gyara yadda ba zai ƙara shan wannan wahala ba. Kafin la'asar buhun taki yana bayan acaɓa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: manomin nan shi ne duk wanda ya zo mana da ƙorafi yana faɗa. Kun ga, sau da yawa ba fushi ba ne zalla, tsoro ne, wai ba wanda ya san shi, ba wanda ya damu da masararsa. “Dawo gobe” ita ce amsa mai sauƙi, mu ma muna ba da ita a gida da makaranta, har a ƙofar coci. Wasunku wata rana za su zauna a bayan tebur irin wancan, wasu ma tun yau ƙanne ke kawo musu kuka. Ku taso, ku zagayo, ku saurara har ƙarshe.

Haka Ubangiji yake yi da mu. Wahalar duniya takan goge mu har mu kanmu mu kasa gane kanmu, amma shi ba ya cewa mu dawo gobe. Yana riƙe hannunmu, yana bi yatsa bayan yatsa, har ya kai ga ɗan wurin da bai goge ba, ya ce, “Na san ka. Kai ne.”