Malam Zalɓe da Taron Masu Haƙar Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama ku natsu.

Ta zo mu ji ta. Haka mai ladabi yake amsawa.

A wani daji tafki ya soma ƙafewa, sai dabbobi suka yi shawarar haƙa rijiya tun ƙishirwa ba ta hallaka 'ya'yansu ba. Ɓauna, shugabar aikin, ta kafa ƙa'ida: kowace safiya a taru, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare shi, sannan a kama haƙa.

Ƙa'ida ce mai kyau, in ba don Malam Zalɓe ba. Shi yake zuwa a ƙarshe, in kuwa ya buɗe baki sai ya faro daga tafkunan da kakansa ya yi kamun kifi a cikinsu. Kafin ya iso kan jiya, rana ta take, aiki ya gagara.

Sai Ɓauna ta ce, "Daga yau a tsaye za a yi taro."

Zalɓe ya ce, "Madalla, ranki ya daɗe, dama zama yana tayar mini da ciwon baya." Ya zuba har azahar.

Sai ta ce mai magana ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kunkuru ya gwada, ya kife. Zalɓe kuwa, wanda a haka yake barcinsa, ya kai la'asar. Tafki ya koma taɓo.

Sai Kurege ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, bai dace a riƙa jawabi a ƙasa ba alhali akwai irinku. Ga tudu can na share. Duk mai magana ya hau, wanda ya riga zuwa shi ne na farko." Bai ambata cewa cinnaku ne a ƙarƙashin tudun ba, masu fitowa da zarar rana ta ɗumama ƙasa.

Washegari masu sammako suka hau da sanyin safiya, suka sauka lafiya. Zalɓe ya iso da hantsi, ya hau, ya yi gyaran murya.

"A zamanin kakana…" Sai ya ɗaga ƙafa. Ya sauya ɗaya. Sai ya ce da sauri, "Jiya na kwashe ƙasa, yau ma haka, ba abin da ya tare ni," ya diro.

Kurege ya ce, "Malam, kakan fa?"

Ya ce, "Ya rasu, Allah ya jiƙansa. A kama aiki."

Tun daga ranar, kafin asalatu Malam yana gindin tudu yana jira. Ba a jima ba aka cim ma ruwa.

Saboda haka ku kiyaye: taron safiya a halarce shi da wuri, a faɗi na aiki, a watse.

Kurunkus, ta ƙare a kan tudun cinnaku.