Waziri Jatau da Alkyabbar Sarkin Gaɓa

Ku gyara zama, jikokina. Mai jin barci ya je ya kwanta, ba na maimaita magana.

A zamanin da, can cikin ƙasar tudu, an yi wani Sarki mai adalci, yana da Waziri ana ce masa Jatau. Ran nan fatake suka dawo daga bakin teku babu madugunsu, suka faɗi gaban Sarki suna kuka. Madugun nan Korau, ƙanen Waziri ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Suka ce Sarkin Gaɓa ya karɓe su hannu bibbiyu, har ya aiko wa madugu da akushin kifi. Korau kuwa, da yake an yi masa tarbiyya, ya cire hularsa sabuwa fil ya miƙa wa ɗan aiken tukwici. Ashe a garin nan doka ce, duk wanda ya sa wani abu a hannun baran Sarki, toshiyar baki ya bayar, hukuncinsa a ɗaure shi a jirgin ruwa ya yi ta tuƙi har ya mutu. Sun ce iska kawai jiragen suke jira. Ranar da ta juya, shi ke nan, sai a lahira.

Sarki ya dubi Waziri, ya ga idonsa ya kaɗa. Ya ce yaƙi dai ba zai yiwu ba, ƙasar ta yi nisa, amma ga turmin turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli, mafi kyau a taskarsa, ya kai wa Sarkin Gaɓa gaisuwa, ya yi abin da Allah ya hore masa. Waziri ya faɗi ya yi godiya, ya kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da labarin tafiya ba. Wata safiya dai suka hau wani tudu, sai Waziri ya ga ƙasa ta ƙare. Ruwa ne shuɗi har inda ya haɗu da sama, yana ta gurnani ba mai tsokanarsa. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne kogin garinsu, wanda yara ke tsallakewa da rani! Ya sauka ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar, ya ce to, wannan miyar an cika mata gishiri.

Garin kuwa gidajensa farare ne, wani a kan wani, lunguna matsattsu, ko'ina ƙarnin kifi da ƙanshin kanumfari. Aka sauke shi gidan wata tsohuwa mai suna Tasalla, 'yar ƙasarsu ce, aure ya kai ta can tun tana da jan sawu, ta iya harshen garin kamar a bakinta aka ƙera shi.

Ita ta raka shi inda aka tsare Korau. Ya same shi da mari a ƙafa, ya rame, kai babu hula. Korau ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, wallahi alheri na yi nufi."

Waziri ya ce, "Na sani. Inna ce ta koya mana, ni da kai. Share idonka, mutane na kallo."

A hanyar komawa ya ce wa Tasalla gobe zai shiga fada ya yi wa Sarki bayanin tukwici. Tsohuwa ta ce kada ya ɓata yawunsa. Fatake sun yi bayanin nan har muryarsu ta dushe, Sarki ya ce kowane mai toshiyar baki yana da suna mai daɗi da yake kiranta da shi. Ba mugu ba ne, in ji ta. A zamanin ubansa barorin fada sun ci hanci har 'yan kasuwa suka ƙaurace wa garin, shi ya sa ya rantse ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Waziri ya juya yana duban fadar. A kan wani dutse take, cikin ruwa. Sai ya ga abin mamaki: ruwan yana ja da baya, rairayi ya fito, mutane suna takawa zuwa fada da ƙafa. Tasalla ta ce haka tekun yake kullum, ya tafi ya dawo. Ta ja masa kunne ya je da hantsi, don in ruwa ya fara dawowa ko 'yan garin ba sa bin hanyar.

Washegari hantsi ya yi, Waziri na zaune. Rana ta take, yana zaune. Tasalla ta yi magana har ta gaji ta wuce fada ta jira shi. Sai da ya ga ruwa ya fara lasar hanya, sannan ya naɗe turkuɗin a fata, ya ɗora a ka, ya tuɓe takalmi, ya ce bismillahi.

Kun san turkuɗi, ɗigon ruwa ɗaya ke kashe ƙyallinsa. Kuma ku sani Waziri bai iya iyo ba, ko kaɗan. Ruwa ya kama idon sawu, ya kama gwiwa, ya kama ƙugu. Igiyar ruwa ta zo ta mare shi a ƙirji, ƙafarsa ta rabu da ƙasa, ya sha gishiri har ta hanci. Zuciyarsa ta ce saki kayan ka ceci ranka. Ya tuna marin da ke ƙafar ƙanensa, ya ƙara danne kayan a ka. Mutane suka cika katangar fada suna ihu da harshen da ba ya ji. Da ƙyar dogarai suka kamo rigarsa suka fizgo shi kan matakala.

Haka ya shiga gaban Sarkin Gaɓa, ruwa na tsiyaya, haƙora na kaɗawa, rawani ya tafi da teku. Ya durƙusa ya kwance fatar, turkuɗi ya fito a bushe yana walƙiya kamar bayan hankaka. Tasalla ta fassara gaisuwa.

Sarki ya dubi kayan, ya dubi tsohon da ke rawar sanyi. Ya ce bai taɓa ganin bara mai riƙon amana irin wannan ba. Ya tashi da kansa, ya cire alkyabbar da ke jikinsa, ya yafa wa Waziri.

Waziri ya bari ta zauna a kafaɗarsa sosai, kowa ya gani. Sannan ya ce, "Uwata, faɗa masa a kawo mari."

Tasalla ta ce ba da bakinta ba. Ya ce ta faɗa. Ta faɗa. Sarki ya ce mari na wa?

"Allah ya ba ka nasara, ni baran Sarki ne, aiko ni aka yi. Na kawo saƙo, ka sa mini abu a jikina. A dokar garin nan, me ake yi wa wanda ya yi haka?"

Dogarai suka dafa takubba. Fuskar Sarki ta murtuke, ya ce shi ba don ya sayi wani abu ya ba shi ba, ya ga wahalarsa ne, kuma ya girmama wanda ya aiko shi.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, sunansa ke nan a garinmu: tukwici. A kira ɗan aikenka a tambaye shi, da ƙanena ya ba shi hula, me ya roƙa?"

Aka kira ɗan aiken. Ya rantse madugu bai roƙi komai ba, a gaban jama'a ya ba shi, bayan ya riga ya sauke akushi.

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. Can sai dariya ta kufce masa, ya ce ai shi kansa ba zai iya tuƙin jirgi da wannan tsufan nasa ba. Nan take ya sa aka yi shela: abin da aka bayar a ɓoye kafin aiki, hukuncinsa na nan daram, abin da aka bayar a fili bayan aiki, alheri ne. A saki madugu.

Da asuba iska ta juya. Ashe an riga an ɗaure Korau a cikin jirgi. Ana ta jan igiyoyi maƙeri na dukan marinsa, sai da aka kusa ɗaga tsani sannan marin ya tsinke. 'Yan'uwan biyu suka tsaya a gaɓa suna kallon jirgin yana ƙanƙancewa, Korau riƙe da hannun wansa kamar yaron goye. Sarkin Gaɓa ya roƙi Waziri ya ƙara kwanaki ya ga gari, Waziri ya ce ya gode, abin da ya gani ya ishe shi har jikoki.

Da suka iso gida aka yi ta kiɗa, Sarki ya taso har ƙofar fada ya tarbe su. Fatake suka ci gaba da zuwa gaɓa ba fargaba, Korau na gaba.

Nan na sauke kayana. Wanda yake da ɗan'uwa, ya tashi ya kai masa ruwa ya sha.