Furen da Hannu Bai Kai Ba

Akwai wani manomi, dawa da masara ya sani tun yana yaro. Matarsa kuwa furanni take reno. A bayan gida ta kafa rumfa, ta rufe ta da farar leda don ta riƙe ɗumi da laima, ta rataye furannin da ake kira okid. Su ba a ƙasa suke tsiro ba. A jikin ɓawon itace take ɗaure su, saiwoyinsu suna reto a iska.

Sai matar ta rasu, ta bar okid guda bakwai.

Da masu zaman makoki suka watse, mutumin ya shiga rumfar. Ya ga saiwoyi tsirara, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Ko ba ta nan, ba za ku zauna da yunwa ba." Ya kwance shida, ya binne saiwoyinsu a tukwane cikin baƙar ƙasa mai taki, yana ba su ruwa safe da yamma. Na bakwai yana can sama kusa da rufi, shi kuma bayansa yana ciwo, ya ce sai wata rana.

Kafin wata biyu, shidan nan suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan yayar matar ta zo duba shi, ta tarar ya jingina tsani.

"Baban Tabita, ina zuwa?"

"Yaya, na ƙarshen nan zan sauko da shi in dasa. Shi kaɗai ya rage mini daga hannunta."

Ta dubi tukwanen, ta dube shi. "Ka kashe shida da alheri, na bakwai ma za ka yi masa? Wannan ba dawa ba ce. Ka yayyafa masa ruwa kaɗan, ka bar shi inda ta rataye shi."

Ya janye tsanin, ba don ya yarda ba, don dai yana jin nauyinta. Damina ta zo ta wuce. Wata safiya ya shiga rumfar, sai ga na bakwan nan da furanni biyar farare fat a kan kara ɗaya. Ya cire hula, ya durƙusa, ya ce, "Ubangiji, na gode da ciwon bayan nan."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: in aka ɗauke mana ƙasar da muke tsaye a kai, sai mu zaci mun ƙare. Mu yi ta gaggawar gyara komai da dabarar da muka saba, har mu ɓata. Amma Allah yana iya ciyar da nasa ko a rataye suke.

Bara na binne matata. Na roƙi ƙarfi in riƙe gidan duka, ba a ba ni ba. Yau da na duba, abin da hannuna bai kai ba, shi Ubangiji ya rayar. Ku je gida ku tuna da naku, ku gode masa.