Shaidar Kofur Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, tun ina da haƙoran gaba, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu. Ku saurara. Ke mai tsintar shinkafa, ai ba da kunne kike tsinta ba. Soja ne, kofur, ba wani babba ba. Ya tafi yaƙi da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya.

Wadda ta fito da shi daga bakin wuta mace ce, Rifkatu, sojar da ke ɗaure wa masu rauni ciwo. Maza sun ja da baya, ita ta rarrafa ta jawo shi. A nan harsashi ya farfasa mata hannun dama, har ya shanye.

To, da aka zo biyan diyya, sai aka ce a takardar hukuma babu mace ko ɗaya da ta je fagen daga. Wai mata suna can baya wajen tukwane da bandeji. Raunin namiji raunin yaƙi ne, fansho har mutuwa, ga ƙafar roba. Na mace kuwa tsautsayi ne, a ba ta ɗan abin sallama ta koma gida, ai tana da miji. Ashe harsashi ma sai ya tambaya ko kina da miji kafin ya shiga. Ni dai ban yi boko ba.

Rifkatu ta kai kuka, aka ce ta kawo shaida. Maza takwas suka ga abin. Bakwai suka ce hayaƙi ya yi yawa ranar. Saura Tanimu.

Wani babban soja ya kira shi gefe, har da ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masa takardar da ta ce babu mace a wurin, ita ce dai ta ce a wurin ya rasa ƙafa. In ya ƙaryata ta, ta mutu gaba ɗaya, sai a sake bincike, bincike kuwa ba shi da ranar ƙarewa. A lokacin an riga an auna shi, saura sati uku a ba shi ƙafarsa ta roba.

Tanimu ya koma gida. Ya dubi 'ya'ya huɗu, ya dubi dungulmin ƙafa, ya dubi 'ya'ya. Kwana tara yana haka. Matarsa Kande, kada ku zage ta, ita ke auna hatsin gidan. Ta ce, "Malam, ba ƙarya za ka yi ba. Ka ce ka suma. Ai ka suma ɗin."

Ya ce, "Na suma, Kande. Amma sai da na ga fuskarta."

Ranar ba da shaida ta zo. Manya biyar a bayan tebur. Rifkatu na gefe, hannu cikin mayafi, ko kallonsa ba ta yi ba, kada a ce ta roƙa. Shi kuwa ya dogara sandarsa ya tsaya a gabansu. Aka tambaye shi.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ban san abin da takarda ta ce ba. Amma ba da ƙafata na fito daga wurin ba, kuma ba namiji ne ya jawo ni ba. Ga ta can zaune."

Kuna jira in ce an tafa masa? Aka soke takardar. Ƙafar da aka auna masa aka gyara wa wani. Kande ta yi wata guda ba ta ce masa ci kanka ba. Shekara uku yana gyaran takalma a bakin kasuwa, mai ƙafa ɗaya yana ɗinke wa masu biyu. A ta huɗu aka biya shi, aka biya Rifkatu daidai da shi, da wasu mata biyu da binciken ya tono.

To, ku ji. Gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma yana faɗa, har ni. Wadda Allah zai tambaya ita ce wadda za ta taɓa tukunyarki. Gobe za a yi rabon gado a danne wa marainiya kasonta a gabanki, a kira ki, ki ce ke kina ɗaki ba ki ji ba. Kin ji. Shi ma wanda ya yi miki kunnen ya san kin ji.